Kawu Mamman da Sahun Baya

Duk wanda ya san Kawu Mamman magini ya san ba ya shiga ɗaki sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, haka ne. Ranar da na tare a sabon ɗakina ya tafa, ya ce, "Ɗakin nan tsegumi gare shi. Ku riƙa yin faɗanku a hankali."

Da aka tashi gina babban ɗakin taro na kwamin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, na biki da wasa da shawara, shi aka ba aikin. Injiniyan da aka turo daga Damagaram yana son bango sumul da rufin kwano tsirara. Kawu ya ce atabau.

"Ranka ya daɗe, murya za ta bugi siminti ta dawo ta take 'yar'uwarta. Na gaba su ji magana, na baya su ji hayaniya. Su wa ke zama a baya? Mata."

"Ai za mu sa lasifika."

"Ka ƙara wa hayaniya ƙarfi ke nan."

Kawu ya yi yaɓe mai kaushi, ya shiga rataya zana da tabarmin kaba ƙarƙashin kwano. Mu dai mun san dalili. Matarsa, Inna Hajo, kunnenta ya yi nauyi. Shekaru tana zuwa taro tana komawa gida ta tambaye shi abin da aka ce.

Kullum da la'asar sai ya zaunar da ita a sahun ƙarshe, ya hau dandamali ya ce a hankali, "Hajo, miyar jiya ba gishiri." Ita kuwa sai murmushi, tana gyaɗa kai, alamar ba ta ji ba. Ya sauko rai a ɓace, ya ce a ƙaro zana.

Ciwo ya kwantar da shi kafin a rataya na ƙarshe. Mu muka ƙarasa yadda ya kwatanta, ya rasu bai gani ba.

Ranar buɗewa aka ce in yi masa addu'a, kuma lantarki ya ɗauke. Na hau dandamali, ba lasifika. Da kyar na ce, "Allah Ya jiƙan Kawu," ni kaina ban ji muryata sosai ba.

Daga can sahun ƙarshe Inna Hajo ta ce, "Amin."

Allah Ya yalwata kabarinka, Kawu, Ya jiyar da kai sallamar 'yan Aljanna.