Kwana Talatin da Ɗaya na Kawu Vernon

Ranar Asabar da safe tsoro ya fara kama ni, a kicin ɗin Kawu Vernon. Na buɗe kabad ina neman sukari, sai ga kwalbar maganinsa a bayan gwangwanin kofi, cike taf, ko murfin ba a ɓalle ba. Shi kuwa yana bakin murhu yana soya fanke. Ya cika faranti huɗu, alhali mu uku ne a gidan, da shi da matarsa Darlene da ni.

"Dokta, zauna ki ci! Bokon nan ya tsotse ki. Darlene, miƙo mata zuma. Kun san tun Talata ban runtsa ba? Kuma garau nake ji na, kamar ɗan shekara ashirin!"

"Kawu, yaushe rabonka da wannan?"

Ya dubi kwalbar ya ƙyalƙyale da dariya. "Kwana talatin da ɗaya kafin in je wurin mutanenki. Talatin suka ce, na ƙara musu ɗaya gyara."

Ni ba dokta ba ce. Tun da na gama digirina na nazarin halayyar ɗan Adam a watan Yuni yake tsokanata da sunan. Vernon Lindahl ƙanen mahaifiyata ne, shekara talatin ya yi yana sare itatuwa a duwatsun Oakridge. Abu biyu aka san shi da su: ba ya ƙarya, kuma ba ya tsallake ƙa'ida. Masu sara bibbiyu suke aiki, tsakaninsu tazarar tsawon itace biyu, kowa yana kasa kunne ga injin ɗan'uwansa. Wasu da ido suke kintatar tazarar. Kawu da ƙafa yake auna ta.

Abokin aikinsa Lyle Prewitt ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce Kawu ya kayar da wani itace, ya faɗi daidai inda ya nufa, amma ya bugi wani busasshe, kan busasshen ya karye ya yi tsalle har inda Lyle yake, ya kashe shi. Masu bincike suka auna, suka rubuta cewa ba laifin kowa. Kawu ya ce, "Takarda ta wanke ni, ai ba ita ta ɗauko shi a kafaɗa ba." Daga ranar bai sake shiga dawa ba. Ya koma gareji yana wasa wa mutane haƙoran injin sara.

Tun yana saurayi yake da ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya kwana bakwai ba barci, sannan ya jefa shi rami. Maganin litiyam ya riƙe shi shekara ashirin, ƙwaya biyu kullum. Sai dai maganin bai yi wa raɗaɗin rashin Lyle komai ba.

Ni na kawo maganar laimar kwaɗi gidan. Na zo da rahotannin bincike a waya, ina ta zuba: tsofaffin sojoji sun samu sauƙi, masu makoki sun samu sauƙi, ga cibiya mai lasisi a garin Eugene.

"Laimar kwaɗi? Wadda muke takewa da takalmi a dawa? Yanzu ita ce likita?"

"Ba kowace iri ba, Kawu, akwai wadda in ka ci take sa ka gane-gane. Kuma da mai kula da kai a gefe."

Na fara karanto masa tambayoyin fom ɗinsu. Da na iso inda aka ce, ka sha litiyam cikin kwana talatin da suka wuce, sai na ce, "Ash, ba za su karɓe ka ba." Na kashe wayar.

"Kwana nawa suka ce?"

"Talatin."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da wasa ƙarfensa. Shekara huɗu na yi a jami'a ana koya mini sauraren mutane, amma ban ji abin da yake tambaya ba. Da wani ne, da ya yi ƙarya a fom ɗin ya ci gaba da shan maganinsa. Wani kuma da haƙura zai yi. Kawu Vernon kuwa kalanda ya samu, ya riƙa soke kwanaki, don ranar da zai ce a'a ta zama gaskiya.

Ranar Talata Anti Darlene ta kai shi cibiyar, aka ba shi laimar kwaɗin. Awa shida ya yi kwance a katifa, ido a rufe da ƙyalle, kiɗa a kunne, wata mata mai suna Linden tana zaune kusa da shi. Ya yi kuka. Ya ce Lyle ya zo ya zauna a kan gungume ya ce masa, "Vern, kai dai ba ka iya kewar mutum ba sai ka dame shi." Ya fito yana ambaton sunan Lyle da dariya, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ba na musun wannan. Shi ne ma yake ƙara ƙona mini rai, don akwai abin kirki a ciki, aka miƙa shi ga mutumin da ya jefar da sandarsa kafin ya hau dutse.

A ranar Asabar ɗin na kira Linden. Muryarta a sanyaye kamar mai lallashin jariri.

"Shawna, ja numfashi tukuna."

"Kada ki koya mini numfashi, baiwar Allah. Kwana huɗu bai yi barci ba."

"Wasu sukan yi kwanaki cikin annashuwa. A bar abin ya zauna masa."

"Kin tambaye shi ko ya taɓa shan litiyam?"

"Fom ɗin kwana talatin ya ce. Ya ce a'a."

"A shafi na biyu fa? Na san ya rubuta miki sunan ciwonsa, don ba ya ƙarya. Ba ki yi mamakin mai wannan ciwo da ba ya shan komai ba?"

"Mun ba shi shawara ya ga likitansa, ya sa hannu. Mu ba likitoci ba ne."

"Ba likitoci ba ne, amma kun iya buɗe kan mutum ku sallame shi da yamma!"

Na juya kan Anti Darlene. "Anti, kin sani?"

"Na sani," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara goma sha biyu ina zaune da mutumin da ba ya kallon idona. Kika zo da wayarki kika ce akwai magani, na ga yana aske gemu, yana tambayar me za a dafa. In hana shi? Ke da kika yi karatun, me ya hana ki faɗa masa abin da zai biyo baya?"

Na ɗauki waya na shiga neman likita.

Likitan da muka samu a waya ya ce a kai shi asibiti nan take. Kawu ya ce bai taɓa lafiya irin ta yau ba. Na roƙe shi ya yi mini alkawarin zuwa gobe. Ya shafa kaina ya ce, "Dokta, ba na alkawarin da ba zan cika ba." Na ɓoye makullin motarsa. Na manta duk mai aikin dawa yana da na biyu maƙale a ƙarƙashin mota.

Ranar Lahadi da hantsi, muna waya da mahaifiyata, ya ɗauki injinsa da hular kwanonsa ya fita. Ya bar takarda a kan tebur: ya je ya ƙarasa yankin da shi da Lyle suka bari. Ranar Litinin aka ga motar a bakin ƙofar ƙarfen da ta tare hanyar masu katako, a kulle, abincin ranarsa a kan kujera. Tun ranar ake ruwa.

Yau Laraba. Masu ceto sun shiga da karnuka biyu, tsofaffin abokan aikinsa shida sun bi su, don sun fi kowa sanin wurin. Shugabar masu ceton ta ce yau gefen rafi za su bi, kuma za ta kira mu kafin su sauko, ko sun same shi ko ba su same shi ba. Ƙarfe uku ta wuce. Ba ta kira ba tukuna.