Katako Ɗaya a Jikin Rumbun Kassian

Yayana Kassian Gstrein mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya nemo inda ka yi kuskure a gaisuwar. Ni ce Notburga, ƙanwarsa. Gida ɗaya muke tun rasuwar mijina, don haka kada wani ya zo ya ce min ai can cikin zuciyarsa mutumin kirki ne. Na leƙa, ban ga komai ba.

Abu ɗaya ba zan hana shi ba: ya san dutsen nan. Shekara talatin da ɗaya shi ne mai saukowar ƙarshe. Ƙarfe huɗu da rabi, idan na tsayar da kujerun waya da ke kai masu sulu a kan dusar ƙanƙara sama, sai ya taso daga ƙoli cikin jar rigar aiki, yana bin hanya ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa kwari da bayan itatuwa, ko akwai wanda ya karye ko ya ɓata. Sai ya iso ƙasa ya ɗaga min sanda sannan in kulle ɗakina na aiki a gindin dutsen. A zamaninsa ba wanda ya taɓa kwana a dutsen. Wata 'yar Holan da ya tsinto da karyayyar ƙafa ta ce ba ciwon ne ya sa ta kuka ba, faɗan da ya yi mata ne.

Katakon sulunsa, guda biyu, ɗaya a kowace ƙafa, irin mai shiga ko'ina ne, gyararriyar hanya, ƙanƙara mai tauri, sabuwar dusar ƙanƙara har gwiwa. Shekara goma sha huɗu yana kansa. Fentin ya koɗe, gefen ƙarfen ya sha washi har ya koma kamar bakin tsohuwar wuƙar kicin. Maƙalin da ke riƙe takalmi kuwa, duk shekara sai ya sa sukundireba ya ƙara ɗaure shi da kansa, a kan teburin da nake murza ƙullu. Kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne ƙafar wani ba ta taɓa hawa katakon nan ba.

Rana ɗaya suka sayi irinsa shi da abokinsa Vinzenz Falkner, launi ɗaya, tsawo ɗaya, lokacin su biyu ke saukowar ƙarshe tare. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, suna shan miyar sha'ir a bukkar abinci ta sama, Vinzenz ya ce gwiwarsa ta gaji, zai bar dutse ya buɗe shagon kayan sulu. Yaya ya kifar da kwano, ya zage shi tas a gaban mutane, ya fita fuu. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunansa ba. Ɓarawo yake ce masa. Wai duk shekara sai ya sake wa katako fenti ya ce sabon samfuri ne, ya tatsi wawaye.

To, a farkon sanyin bana aka kawo mana sabuwar manaja, Irmgard Scheiber. Ta tara masu jar riga ta ce 'yan inshora sun ce kowa ya kawo takardar gwaji, wadda ke nuna maƙalinsa zai saki takalmi idan ya faɗi. Wanda bai kawo ba zuwa Juma'a ya ajiye riga. Injin gwajin da kamfani ya yarda da shi kuwa ɗaya ne a duk kwarin nan, yana shagon Vinzenz.

Ranar Talata na bi shi shagon. Ba don taimako ba, kallo na je.

Vinzenz ya juya katakon sau biyu, ya tura shi gefe. "Wannan ba zai hau injina ba. Masu ƙera maƙalin sun cire shi daga lissafi tun tuni."

"Wa ya tambaye ka tarihi?" in ji Yaya. "Ka gwada ka ba ni takarda."

"Idan na sa hannu ƙafarka ta tsinke, ni za a kama. Kai kuwa ba ka kai a ɗaure ni dominka ba."

"To sa wani maƙalin."

"A ina? Sau uku ka huda katakon nan. Dubi ramuka, kamar ɓera ya kwana a cuku. Na huɗu ba zai riƙe ba."

Yaya ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Daman nan zai zo. Sabon samfuri."

"Ƙwarai, sabon samfuri," in ji Vinzenz. Ya zaro wasu guda biyu masu ruwan toka daga layin na gwaji ya jingina a kanta. "Jikan katakonka ne. Ya fi faɗi a tsakiya, ya fi sauƙin juyawa, tsofaffi ma suna iyawa. Ka hau gobe. Idan bai yi maka ba ka dawo min da abina, kada ka zaga min shi."

A hanya na ce masa, "Yaya, in shi ne ba ka so, ka gangara gari ka saya mana. Kamfani ma zai biya rabi."

"Sannan in ɗauko in kawo wa ɓarawon nan ya gwada yana murmushi? Yi min shiru, Notburga. Ke kujeru kika sani."

A raina na ce Allah ya ƙara. Gaskiya fa tsoro nake ji, ba don shi ba. Idan aka karɓe rigar nan, gida zai zauna, daga safe har dare, yana gaya min yadda ake hura murhu.

Ranar Laraba ya hau sabon. Daren jiyansa dusar ƙanƙara ta zuba, rana ta narkar da saman, yamma ta sake daskarar da shi. Irin ranar nan Yaya kan iso ƙasa yana ɗingishi, yana tsine wa kowa. Ina ta tagar ɗakina na hango jar rigar ta ɓullo daga cikin itatuwa. Da farko na ɗauka wani ne. Mutumin nan yana lanƙwasa hagu da dama kamar ɗan shekara talatin. Ya iso minti goma kafin lokacinsa, ya tsaya, ƙanƙara ta yi feshi. Wallahi haƙoransa a waje. Rabon da in ga haƙoran Kassian tun ranar da likita ya cire masa ɗaya.

Da ya ga ina kallo ya haɗe rai. "Sauƙinsa ya yi yawa," ya ce. "Na malalata ne."

Amma da yamma na same shi a rumbun ciyawa ya jera tsoho da sabo yana shafa su. Bai shafa gwiwarsa da man zafi ba ranar. Da safe na ga ya sa wandonsa na zuwa coci, na san saye za shi.

Da bakinsa ya bar shi, da yanzu yana kan dutse. Shagon cike da baƙi ranar Alhamis ɗin, har manaja tana ciki. Yaya ya ajiye sabon a kanta ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Rubuta takarda. Yau dai ɓarawo ya ci kasuwa."

Vinzenz ya ajiye biro. Fuskarsa ta yi ja har kunne. "Shekara goma sha ɗaya ina jin kalmar nan. Ina tsohon naka?"

Yana cikin mota. Ni na ɗauko, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Vinzenz ya hau kujera ya sauko da nasa tsohon da ke rataye a bango, ya jera duka huɗun.

Kowa a nan ya san yadda muke yi a bukkar sama. Ba a jingina katako biyu wuri ɗaya, saboda masu ɗan hali. Ɗaya a ƙofa, ɗaya a bayan tarin itace. Haka su biyun suka yi ranar miyar sha'ir.

"Karanta lambar da ke gefen na dama," in ji Vinzenz. "Yanzu ta hagu. Ɗaya ce? To duba nawa. Ranar da ka fita kana kumfar baki, ka ɗauki naka a ƙofa, ka zagaya baya ka ɗauki nawa. Ni na gane tun a ranar. Shekara goma sha ɗaya ƙafarka ta hagu tana kan kayana, kana zagaya gari kana kirana ɓarawo."

Wani baƙo ya yi dariya. Manaja ta kau da kai.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranar yau nake jira."

Shi ma dai Vinzenz ɗin ba mutumin arziki ba ne. Wanda zai riƙe abu shekara goma sha ɗaya don ya tozarta tsohon abokinsa a gaban baƙi, ai bai fi Yaya da komai ba.

Yaya ya tsaya yana kallon lambobin. Sannan ya ɗauki na dama, nasa na gaskiya, ya saɓa a kafaɗa. Na ja hannun rigarsa. "Yaya, takardar. Ka biya mu tafi, gobe Juma'a."

"Sake ni."

"Kai da kanka ka san ya yi maka. Na ga fuskarka jiya."

"Ba ki ga komai ba."

Ranar Juma'a ya ninke jar rigar ya ajiye a teburin manaja, da rediyon oba-oba a kai. Ta ba shi har Litinin ya sake tunani. Bai ko juyo ba. Washegari na ji bugun guduma: ya kafe katakon a jikin rumbu, kusa da na babanmu da na kakanmu, yadda ake yi wa wanda ya gama aiki. Nasu bibbiyu ne, nasa ɗaya tilo.

Yanzu yana gida, kuma ya fi yadda na zata muni. Miya gishiri ya yi yawa, murhu ban iya ba, tafiyata ma tana da ƙara. Sai dai kullum ƙarfe huɗu da kwata zai bar duk abin da yake yi, ya zo ya tsaya a gefen ɗakina cikin baƙar rigar gida, hannu a aljihu, ido a sama. Wata mata daga ƙauyen gaba ce ke saukowar ƙarshe yanzu, a kan irin masu ruwan tokan nan. Ba ya motsi sai ta iso ta ɗaga min sanda. Sannan ya ce ba ta leƙa kwarin hagu ba, ya juya gida.

Baƙi kan tsaya su ɗauki hoton rumbun. Idan wani ya tambaye shi ina ɗayan katakon, sai ya ce ɓarawo ne ya ɗauke.