Littafin Da Ya Sa Na Ƙaryata Kakana

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina koyon gyaran mota a gareji. A midil na bar makaranta, amma a gidanmu na unguwar Asawase a Gana ni kaɗai ke iya karanta Turanci, ko da da ƙyar ne, kuma wannan ya kumbura mini kai ba kaɗan ba.

Kakana na wajen uwa tsohon soja ne, ya je yaƙin Boma. Bayan la'asar yakan zauna a benci a ƙofar gida, maƙwabta su kewaye shi. Yakan ce sun yi watanni a dajin wani kogi wai shi Kaladan, babu hanyar mota, daga sama jirgi ke jefo musu shinkafa da harsashi ɗaure da laimar saukar da kaya. Idan Musulmi ya faɗi a cikinsu, ƙyallen laimar suke yanka su yi masa likkafani. Yana da guntun ƙyallen, fari mai santsi, a ƙasan akwatinsa, kuma ya sha gaya wa mahaifiyata cewa ran da ya mutu a haɗa masa da shi.

Wata rana a kasuwar Kejetia na ga littafin yaƙin duniya na biyu wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Nauyinsa da hotunansa suka ja ni. Mai sayarwa ya rantse cewa duk yaƙin yana ciki. Sati uku ina binsa shafi-shafi. Na ga tankoki cikin ƙanƙara, na ga birane sun koma toka, amma ban ga baƙar fuska ko ɗaya ba. Boma ma shafi biyu aka ba ta. Sai na ɗauko littafin, a gaban mutane, na ɗora wa tsohon a cinya na ce ya nuna mini kansa. Na ce dako suka je yi wa Bature, sauran duk ƙarin gishiri ne. Wani ya yi dariya. Kakan nawa bai san boko ba. Ya shafa bangon, ya tambaye ni a hankali ko mai rubutun ya je wurin. Na ce Bature ne fa. Ya miƙo mini, ya shiga gida. Bai ƙara zama a bencin nan ba.

Ban tsaya nan ba. Na saci ƙyallen na kai gareji don abokai su ga tsumman da ake mana alfahari da shi, ya ƙare a goge baƙin mai. Ran da tsohon ya rasu mahaifiyata ta zazzage akwatin tana kuka, ina tsaye ina kallonta. Haka aka kai shi.

Bara 'yata da ke jami'a ta aro wani littafi daga laburare. Siriri ne, hotuna kaɗan. Marubucin ya bi tsofaffin sojoji a Gana da Najeriya ya ji daga bakinsu, kuma a shafukan baya ya jera wanda ya gaya masa me, da takardun da ya duba. Tana karantawa tana fassara mini. Can sai ta kai sunan kogin nan. Ga jiragen, ga laimar, ga mutanen da ba su taɓa ganin teku ba sun yi makonni a kanta, sun fasa duwatsu, sun sare daji da adda, sun fitar da hanya, ruwan sama na zuba ba dare ba rana. Allahu Akbar. Wannan mutumin nake wucewa kullum yana shan koko, ina ganinsa tsoho mai surutu kawai.

Don haka duk mai neman sanin yaƙin nan, kada kauri da hoto su ruɗe shi. Ka fara buɗe bayan littafi ka ga daga ina aka samo maganar. Ka duba jerin sunayen wurare, in babu namu a ciki ka sani rabin labari ka riƙe. Littafi ɗaya bai isa ba, yaƙin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In kuma akwai tsoho a gidanku, ka rufe baki ka saurara tukuna.

Mahaifiyata tana nan da rai, ta haura saba'in, har yau tana cewa sakacinta ne ya ɓatar da amanar ubanta. Na rubuto muku ne don na kasa gaya mata.