Kartar da Iya Take Ɓoyewa

A Damagaram, lokacin sanyi, bayan isha'i kakata Iya takan tara mu a bakin murhu. Kafin ta fara tatsuniya sai ta ciro wata tsohuwar karta daga ƙasan kwallarta, ta aza a cinya. Ba ta yarda mu taɓa. Ta mijinta ce, wanda Faransawa suka ɗauka soja a babban yaƙi na biyu, ya bar ta da cikin mahaifiyata. An ce a yaƙin ya mutu. Daga baya wani abokin tafiyarsa ya kawo kartar, da sunan mijin nata a kwalin, rubutun ajami na hannunsa.

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaita mana. Wani mutum ya fita sayo gishiri, ya tarar da baƙi suna karta a gindin tsamiya, suka matsa masa wuri. Bai san aljanu ba ne. Duk rabo ɗaya, shekara guda ke wucewa a gida. Yana jiyo dakan matarsa daga nesa, yana cewa bari dai a gama wannan. Na taɓa tambayarta yaushe ya tashi.

"Kai angona, wa ya ce maka ya tashi? Yana can. Tura icen nan ciki."

Da ta rasu kartar ta dawo hannuna, na taho da ita Greensboro, birnin da nake zaune a ƙasar waje. Akwai wani tsohon Bature a wani gari na kusa, Pleasant Garden, da nake yanke wa ciyawa, tara tsofaffin karta ne abin sonsa. Shi ya nuna mini yadda ake gane shekarunsu: kusurwa mai kaifi ce ko zagayayya, akwai lamba a gefe ko babu, sarki kai ɗaya gare shi ko biyu. Rannan na kai masa tawa.

Ya shimfiɗa ta kan ƙyalle, ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girman abu. Ya ce a da gwamnatin Faransa na buga hatimin haraji a kan kati guda, mai ganye uku. Nawa babu. Sai ya nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu, ya ce in karanta, don ya san na shiga ajin manya na koyon boko. Na haɗa baƙaƙen a hankali. Sunan kamfani ne, kuma ya ce bai fara buga karta ba sai da aka jima da gama yaƙin.

Ashe kakana ya rayu. Ya sayi karta sabuwa, ya zauna ya rubuta sunansa, bai dawo ba.

Inna, mahaifiyata, ta haura tamanin. Duk Juma'a tana yi wa uban da ba ta taɓa gani ba addu'a. Da muka yi waya ta tambayi abin da Baturen ya ce. Na buɗe baki, sai na ji na ce tsohuwa ce ƙwarai.

Iya ba ta san hatimi ba, amma yanzu ina jin ta san komai. Ta ɗora laifin kan aljanu ne don kada 'yarta ta tashi da ƙin mahaifinta. Ni ko tatsuniya ban iya ba. Inna ta ja addu'arta har ƙarshe, na ce amin.