Sale, Mai Dariyar Zinariya

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Alhamis, takwas ga Rajab na shekara ta 1302, ina gyaran rijiyar lambuna a Rabah ɗan aike ya iso daga Wurno da labarin cewa Malam Sale ya cika da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Na bar aikin na zauna a bakin rijiyar.

Sale, ni ne Maccido, taubashinka, ɗan goggonka da ta raine ka. A ƙwarya ɗaya muka sha fura, kuma kullum kai ke sakar mini gayan. Wasan da ke tsakaninmu mutuwa ba ta soke shi ba, don haka ka yi haƙuri, yau ma sai na taɓa ka.

Mutanen Wurno sun san ka da rubuta wa marasa hali wasiƙa ba ko wuri, da raka baƙo har ƙofar gari ko da rana ta take. Ni kuwa na san ciwon da ke ƙarƙashin fara'arka. Mahaifinka ya auri mahaifiyarka a wata ruga can gabas, ta rasu wajen haihuwarka, ya kawo ka Wurno a zane, shi ma bai daɗe ba. Abin da ka gada daga gare ta sunanta ne kawai, Zinariya. Ka sha ce mini ba ka so ka mutu ba ka ga mutum ɗaya da ya san fuskarta ba.

Shi ya sa da furfura ta fara fito maka ka rataya gafaka ka shiga neman takardun asalin gidanmu, ni kuma ka mai da ni mai jan jaki. Ta Wurno gara ta riga mu karanta ta, wanda ya juya ta a sabuwar takarda kuwa duk inda ya tarar da rami sai ya cike da sunan wani babban malami, har muka wayi gari jikokin waliyyai. Ta Rabah ta fi ban tausayi. Takardun ba a ɗinke suke ba, iska ta taɓa watsa su, aka tattara yadda aka ga dama aka juya. A cikinta kakanmu ɗan jikansa ne. Ka dube ni ka ce daga yau in riƙa durƙusa wa ɗana.

A Goronyo muka sami ta ƙarshe, wurin wani dattijo mai ajiye takardun rugagen yankin. A takardar asali an rubuta shanun gadon mahaifiyarka a gefe, mai juyawa ya kwashe su ya zuba cikin layin mutane. Muna zaune a zaure ka karanta da ƙarfi: Zinariya, fara mai baƙin kunne, ta haifi maruƙa biyu da Sale. Na ɗauka kuka za ka yi, don can ne ƙarshen begenka. Sai ka fashe da dariyar nan taka mai shiƙewa a tsakiya kamar guga ya maƙale a rijiya, har rawaninka ya kwance.

Daga bayan zana wata murya ta ce, "Wa ka dariyag ga?"

Wata tsohuwa makauniya ta fito tana lalube, Kyauta sunanta, matar mai gidan. Ta ce, "Wagga dariya ta yayata Zinariya ta. Tun da anka kai ta ƙasa ban ƙara jin irinta ba. Yaro, kai ɗan wa na?"

Kana da furfura ta ce maka yaro, ka kuwa durƙusa kamar yaron. Ta shafa fuskarka ka ce, "Inna, mi ta ka so? Mi ta ka ƙi?" Ta kwana uku tana ba ka labarinta, ta sa aka kai ka kabarinta a ƙarƙashin wata tsamiya. Daga ranar ba kakar da ta wuce ba ka aika wa Inna Kyauta gero da zane ba, har ta rasu. Takardar kuma ka hana a gyara ta, ka ce saniyar nan ta yi maka abin da waliyyai ba su yi ba.

Da na iso Wurno an riga an rufe ka. Ina zaune wurin gaisuwa wani ya tuno zancen maruƙan, sai ɗiyarka Asabe, da ke kuka a bayan zana, ta yi dariya ba ta shirya ba, ta shiƙe a tsakiya. A nan ne nawa kukan ya zo, Sale, don na yi kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyar da ba ka taɓa gani ba. Ina yi wa Asabe da ƙannenta da dukan dangi na Wurno da Rabah da Goronyo ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Can ba ka bukatar takarda, Sale. Ka yi dariya kawai, za ta gane ka.