Badaru Ba Ɗan Duba Ba Ne

Badaru ɗana ne na uku, a Kwanyawa na haife shi. Tun yana ƙarami ba ya ƙyamar dabba, akuya in haihuwa ta gagare ta shi ake kira. Ya je Kano ya yi karatun malamin dabbobi, ya dawo gida. Ga shi da murya, sai aka ba shi ladanci a masallacin unguwarmu. Shekara tara da kiran sallarsa nake tashi.

To sai wasu masu bincike suka ɗauke shi aiki. Ran kasuwar Karaye ya bi masu kaji yana goga auduga a bakin kaza, ya jefa a kwalba. Har kashin jemage yake kwasowa a gindin mangwaro. Na ce, "Kai kuwa, duk sana'ar duniya sai wannan?" Ya ce, "Inna, dubawa muke, wace cutar dabba ce za ta iya tsallakowa kan mutane, a tare ta tun ba ta zo ba."

Ni da bakina na ɓata. A gidan suna maƙwabciyata Turai ta tambayi aikinsa, na ce duba yake, yana faɗin ciwon da zai zo. Ta ce, "Duba, Yaya? Ladan guda?" Na yi dariya, ban san ta tafi da maganar ba. Kafin Juma'a magana ta kai kunnen liman, aka ce Badaru ya ɗan huta da kiran salla.

Ya je wajen liman da dattawa ya yi bayani. Ya ce gaibu sai Allah, nasa kamar mace ce ta ga hadari ta kwashe shanya. Suka ce sun ji.

Da damina ya gargaɗi masu kiwo a wajen Falgore su raba kaji da agwagi, su daina yanka marasa lafiya. Sati biyu tsakani kaji suka yi ta faɗuwa. Na ce to, yanzu a gane aikinsa. Sai ga Turai ta yi sallama: "Yaya, ashe dubansa yana ci!"

Gida-gida na bi ina warware magana har ƙafafuna suka kumbura. Na gaji. Shi ko da safe sai ya ɗaure kwalabensa a babur ya tafi.

Yanzu Sabi'u mai shayi ke kiran salla, Badaru yana sahun baya. Muryar Sabi'u ba ta isowa ɗakina. Sau biyu ke nan ina makarar asuba, Allah ya yafe mini.