Wadda Ta Ƙi Tafiya a Ɓoye

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, ta riga ta buɗe ɗakinta, can ƙuryar lungu bayan ɗakin magani. Za ta ɗage labule kaɗan, ta karkata kujeru biyu yadda ba za su zuba wa juna ido ba, sannan ta zauna. Babu allura a ɗakin, babu abin awon jini. Fanka ce kawai ke juyi a kasalance, sai hasken hantsi da ke rarrafowa a ƙasa har ya hau ƙafar kujerar baƙo. Ma'aikatan jinya suna kiranta Mai Kujeru Biyu, kuma da wannan sunan zan jinjina mata yanzu da ta ajiye aiki.

Halayyar ɗan Adam ta karanta, ɓangaren da ke cewa abin da ya same mu muna yara ba ya zuwa ko'ina. Kwanciya yake yi, ya riƙa juyi a cikin fushinmu da kishinmu da yadda muke buga ƙofa. Ni da farko dariya abin ya ba ni. Wane irin aiki ne mutum ya zo da damuwa a ce masa, "Ci gaba, ina jin ka"? Amma mai gadin asibitin ya rantse mini cewa ya sha ganin mutum ya shiga ɗakin kamar zai ci babu, ya fito yana tafiya a hankali kamar wanda ya tashi daga barcin rana. Wata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce a nan ta gane dalilin da ya sa take firgita duk sanda shugabarsu ta ɗaga murya: muryar kakarta take ji.

Shaidata ni ta gida ce. Yayana kafinta ne, hannu gare shi, amma ba ya daɗewa da kowa. Da aboki ya fara shiga ransa, sai ya nemi faɗa. Matarsa kuwa ta ga ta kanta.

"Wallahi na gaji," ta ce mini. "Ko barka na ce zan je, sai ya ce in na fita kar in dawo. To wannan karon na ji maganarsa."

Ta kwashe 'yarsu ta koma gidansu, aure saura igiya ɗaya. Na tasa shi gaba zuwa asibiti yana cika yana batsewa.

"Ke, mahaukaci kika mayar da ni?"

"A'a Yaya, kai ne dai ka fi katakonka tauri."

Abin da ya gudana a ɗakin, ba daga bakinta na ji ba, don ko da wasa ba ta fitar da zancen kowa. Shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce makonni ya yi yana zuwa, ba abin da yake faɗa sai cewa ƙafar kujerarta na rawa. Ta ce masa, "Ka gyara in ka so, amma ba don ita ka zo ba." Ran nan, don kawai ya kori shirun, ya ba ta labarin mafarkin da ya saba yi. Yana riƙe da kofin ruwa cike fal, yana tafiya a wata doguwar baranda, yana kaffa-kaffa kada ya zube. Barandar sai ƙara tsawo take, labulen ƙarshenta na kaɗawa, shi kuma ba ya isa.

"Wa ya aike ka?" ta tambaye shi.

Ya ce sai ya ji fankar ta yi nisa. Ya ga tsakar gidanmu, ya ga mahaifiyarmu da tsohon ciki, ta yafa mayafi, shi kuma ɗan ƙarami ya riƙe mata zane. Ta yi abin da iyaye ke yi don gudun kukan yaro: "Je ka ɗebo mini ruwa, ɗan albarka." Ya dawo da kofi ya tarar da tsakar gida wayam. Haihuwata ta tafi yi, kuma ni kaɗai aka dawo da ni gida.

Tun daga ranar yake riga kowa tafiya. In kuma ya ga mutum ya nufi ƙofa, sai ya kore shi da kansa, kada a sake yi masa wayo.

Ke ce mai haƙurin jiran tuwon da ba a ɗora ba, Malama. Ke ce kika san cewa gane ciwo daban, warkewa daban. Yaya ya gane, amma ya kasa zuwa biko. Ana cikin haka lokacin ajiye aikinki ya matso. Abokan aiki suka ba ki shawara ki silale kawai, masu zuwa wurinki sa ji daga baya, ya fi sauƙi. Kika ƙi. Kika faɗa wa kowa tun da saura watanni.

"Ƙarshen shekara zan tafi," ta ce wa Yaya. "Ina gaya maka tun yanzu, don ba zan aike ka ko'ina ba."

"Ai dama," ya ce, ya miƙe ya fita.

Bai ƙara zuwa ba. Raina ya ɓaci, na je na same ta na ce ta rusa abin da ta gina. Ta ce, "Lokacinsa na nan, ban ba kowa ba." Haka ta riƙa zama ita kaɗai duk ranar zuwansa, hasken yana hawa kujerar yana sauka.

Ranar ƙarshe aka taru a baranda ana ta jawabi. Ina tsaye a baya sai na ji ƙanshin katako. Yaya ne, da garin zarto a gashinsa. Ya ratsa mutane ya tsaya a gabanta.

"Malama, na zo in ga tafiyarki."

Ya ɗauki jakarta ya raka ta har bakin ƙofar asibiti. Ta ce masa sai wata rana, ya amsa. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, hawaye na bin gemunsa, ni ma na kasa riƙe nawa. Can ya share fuska da hannun riga.

"Ashe haka ake yi," ya ce. "Zo ki raka ni gidan surukaina."

Matarsa ta dawo ɗakinta. Har yanzu sukan yi 'yar hayaniya, harshe da haƙori ma ai suna saɓawa, amma tana zuwa unguwa ta dawo ta tarar da gida lafiya.

Mun gode, Mai Kujeru Biyu. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya haɗa ki da mai sauraronki kamar yadda kika saurari jama'a. Mu kuma da ba mu yi karatunki ba, ga abin da za mu iya koya. In za ku fita, ku durƙusa ku gaya wa yaro gaskiya. Ku bar shi ya yi kukansa a gabanku, ya fi ya zo ya yi shi a bakin titi da furfura a gemu.